Tambayi Likita: Kumburin Ciki, Zafin Bayan Gida da Zubar Jini

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga ciki da bayan gida. Kusan kowacce da kalmar basir ta fara, amma da muka karanta bayanin masu su, wasu basir ɗin ne, wasu kuwa ko kusa. Mun zaɓi shida, mun cire sunaye kamar yadda aka saba. Adadin maganin da muka ambata don ku san abin da ake bayarwa ne, likitan da ya duba ku shi ke da ta cewa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Kano, shekarata 34. Wata biyu ke nan duk sanda na je bayan gida sai in ji yanka a dubura, bayan na gama kuma raɗaɗin ya yi awa ɗaya ko biyu bai sake ni ba, har zama a kan keke ya gagara. Ina ganin ɗan jini ja a jikin bayan gidan, ba yawa. Na sha maganin basir na kwalba, ya sa ni gudawa, na samu sauƙi kwana kaɗan, abin ya dawo. Yanzu har tsoron cin abinci nake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Bayaninka ya fi kama da tsagewar dubura. Basir na ciki yawanci ba ya ciwo, domin inda yake tsirowa babu jijiyoyin jin zafi. Fatar bakin dubura kuwa cike take da su, shi ya sa ƙaramar tsaga da ba ta kai tsawon farce ba ke hana babban mutum zama.

Bayan gida mai tauri ne ya yaga fatar da farko, galibi a tsakiya ta ɓangaren baya, inda jini ya fi ƙarancin zuwa. Akwai tsokar da ke tsuke dubura. Da ta ji rauni sai ta ɗaure tamau, wannan ɗaurewar ce raɗaɗin da ke binka bayan ka fito. Idan ta ɗaure ta matse hanyoyin jini, rauni kuma ba ya warkewa in jini bai ishe shi ba. Kai kuma saboda tsoro sai ka riƙe bayan gida, babban hanji ya ci gaba da tsotse ruwan da ke cikinsa, ya ƙara tauri, ya sake yaga wurin. Kamar fason ƙafa ne lokacin hunturu: kullum aka taka sai ya buɗe.

Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan maganin basir na ɗauke da abin sa gudawa irin su filasko. Suna wanke ciki, mutum ya ji wasai, amma gudawar kanta tana cin raunin, tana ƙarar da ruwan jiki, bayan kwana biyu ko uku kuma bayan gida ya dawo da tauri fiye da na da. Abin da kake nema shi ne bayan gida mai laushi, wanda ke fita ba yunƙuri, kullum, har mako 6 zuwa 8 a jere.

Fara da abinci mai harza, wato faiba. Babba na bukatar giram 25 zuwa 30 a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake na da kusan giram 11, kofi ɗaya na farar shinkafa kuwa bai kai giram 1 ba, haka yanka ɗaya na farin burodi. Wanda ya karya da shayi da burodi, ya ci shinkafa da mai da yaji da rana, ya kwana da taliya, bai samu ko rabin bukatarsa ba. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi fes ba, miyar kuka, kuɓewa, kwaɗon zogale ko rama, dankalin Hausa da ɓawonsa, gwanda, gwaiba, dabino: waɗannan su ne magani na farko. A ƙara su a hankali cikin mako biyu, in ba haka ba iska za ta cika ciki. Harza ba ruwa kuma ƙara tauri take yi. Ledar fiya wata rabin lita ce. Sha 4 zuwa 6 a rana, da bazara fiye da haka, sai dai in likita ya taƙaita maka ruwa saboda zuciya ko ƙoda.

Kafin abinci ya kama aiki, sha laktulos, maganin tausasa bayan gida, mililita 15 safe da yamma. Yakan ɗauki kwana biyu kafin a ga tasirinsa. In bayan gida ya zama ruwa a rage, in bai yi laushi ba a ƙara. Zuba ruwan ɗumi a baho ka zauna ciki minti 10 zuwa 15 bayan kowane bayan gida da kuma kafin barci, yana sassauta tsokar. Ɗumin da gwiwar hannu za ta iya jurewa, ba tafasasshe ba, kuma kada a zuba kanwa, Dettol ko wani abu. Man lidoken da aka shafa minti kaɗan kafin shiga banɗaki yana kashe zafin yankan, na 'yan kwanaki. Don ciwo sha farasitamol. Tiramol da kodin kuwa ka nisance su, domin suna kashe motsin hanji, su ne ma silar wannan cuta ga matasa da dama.

Tunda naka ya wuce mako shida, da wuya waɗannan kaɗai su isa. Likita zai iya rubuta man GTN mai ƙarfin kashi 0.2 ko 0.4 cikin ɗari, ko man diltiyazem mai kashi 2, a shafa ɗan kaɗan a bakin dubura sau biyu a rana har mako 6 zuwa 8. Aikinsu sassauta tsoka don jini ya koma wurin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina da zarar zafi ya tafi a mako na biyu, alhali raunin bai rufe ba. GTN yana sa ciwon kai, kuma ba a haɗa shi da ƙwayoyin ƙarfin maza irin su Viagra, domin jini na iya faɗuwa ƙasa warwas. In duk wannan bai yi ba, akwai ƙaramar tiyata da ake ɗan yanke gefen tsokar. Fiye da mutum 9 cikin 10 na warkewa da ita, kodayake kaɗan daga ciki kan fuskanci wahalar riƙe iska daga baya.

Abu biyu za su canza lissafi. Idan zafin ya koma zogi dare da rana, da kumburi mai zafi a gefen dubura da zazzaɓi, maruru ne mai mugunya, dole a fasa shi a asibiti a ranar, musamman ga mai ciwon suga. Idan kuma likita ya ga tsagar a gefe take ko suna da yawa, zai nemi gwajin HIV da tarin fuka da kumburin hanji. Kada ka ɗauka zargi ne.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, shekarata 41. Ba na jin zafi, amma bayan na gama bayan gida jini ja na ɗiga, wani lokaci har ya yi tsartuwa. Akwai tsiro da ke fitowa, da can yana komawa da kansa, yanzu sai na tura shi da yatsa. Abokai sun ce shan zaƙi ne ya jawo, kuma shi ke rage min ƙarfi a wajen iyali. Ina tsoron tiyata, an ce in an yanke yana dawowa.

Amsa: Malam, wannan kam kamannin basir ne na ciki. Kowane mutum na da wasu matasan nama masu cike da jijiyoyin jini a cikin dubura, su ke taimakawa wajen rufe ta ruf. Yawan yunƙuri, daɗewa a banɗaki, riƙe bayan gida a kan hanya, ɗaukar kaya masu nauyi da juna biyu su ke sa su kumbura su zazzago. Ana kasa shi mataki huɗu: na ɗaya jini kawai, ba ya fitowa, na biyu ya fito ya koma da kansa, na uku sai an tura, na huɗu ya zauna a waje. Kai ka tashi daga na biyu ka shiga na uku.

Duk abin da muka gaya wa telan da ke sama game da harza da ruwa da laktulos ya hau kanka. Ƙari a kai shi ne ɗabi'ar banɗaki. Hanji ya fi motsi minti 20 zuwa 30 bayan karin kumallo, don haka ka tsara tashinka ta yadda za ka rage ciki kafin ka hau mota. Kada zama ya wuce minti biyar. In bai zo ba ka tashi, ka bar waya a waje. Tsuguno ya fi zama sauƙin fitarwa saboda yana miƙe ƙarshen hanji. Mai masai na zama ya ɗora ƙafafunsa a kan abin da ya kai tsayin santimita 15 zuwa 20. Tsarki da ruwa da muka saba ya fi goga takarda, sai dai a bushe wurin a hankali, ba sabulu mai ƙamshi.

Mayuka da ƙwayoyin matsi na kemis suna rage ƙaiƙayi da kumburi, ba sa mayar da tsiro. Waɗanda ke da haidurokotizon kada su wuce kwana 7, suna sa fata ta yi sirara. Daflon na rage zubar jini na ɗan lokaci, shi ma ba ya gyara abin da ya zazzago.

Ba kowane basir ake yankewa ba. Ga mataki na ɗaya da na biyu da wasu na uku, ana ɗaure gindinsa da ƙaramar roba, aikin 'yan mintuna, ba a sa mutum barci. Jini ya daina zuwa masa, ya bushe ya faɗi cikin mako guda ko kwana goma, a ga ɗan jini a ranar. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ya faɗa tun kafin a fara. Zazzaɓi, zafi mai tsanani ko kasa fitsari bayan ɗaurin na nufin a koma asibiti nan take. Babban na uku da na huɗu su ake yi wa tiyata. Gaskiya akwai ciwo na mako biyu zuwa huɗu, amma ita ce ta fi kowace hanya hana shi dawowa. Wanda ya koma yunƙuri da taurin ciki bayan aiki shi ne yakan sake gani. Abin da za ka ji tsoro shi ne masu yankewa ko ƙonawa da magani a gida: ƙarshensa zubar jini, ruɓewa, ko tabo ya tsuke dubura har bayan gida ya kasa wucewa.

Zaƙi shi kansa ba ya haifar da basir. Abin da ke faruwa shi ne mai yawan lemun kwalba da biskit da burodi yawanci ba ya cin harza. Batun iyali kuwa, basir ba ya taɓa jijiyoyin mazakuta. Amma jinin da ke tsartuwa wata da watanni na iya ƙarar da jinin jiki, mutum ya riƙa jin kasala da haki. A auna yawan jininka, a duba suga da hawan jini, domin su biyun nan da sigari su ne manyan masu rage ƙarfin namiji a shekarunka. Kuma ko da tsiron a fili yake, ka bari likita ya duba ciki da yatsa da 'yar na'urar leƙawa, dalilin yana cikin amsa ta huɗu.

Tambaya: Likita, ni malamar makaranta ce daga Maraɗi, shekarata 29. Da safe cikina lafiya lau, amma kafin la'asar ya kumbura har zani ya matse ni, ga gyatsa da fitar iska. Wani lokaci ina kwana uku ban yi bayan gida ba. An ce olsa ce, na sha magani ba canji. Yanzu jiƙon kanwa nake sha.

Amsa: Malama, cikin da ke kwana a sace ya kumbura da yamma, iska ce da jinkirin hanji, kuma wannan labari ne mai daɗi, domin kumburin mugayen cututtuka yawanci ba ya sacewa da dare. Iskar ciki hanya biyu take zuwa. Akwai wadda ake haɗiya: cin abinci da sauri, magana ana ci, cingam, lemun kwalba, ita ce ke fita da gyatsa. Akwai wadda ƙwayoyin halittar babban hanji ke samarwa idan suka samu abin da ƙaramin hanji bai narkar ba. Fitar iska har sau 20 a rana ba cuta ba ne.

A bayaninki, kwana ukun nan ne muka fi zargi. Bayan gida da ya taru yana tare iska, yana kuma ba ƙwayoyin lokaci su yi ta aiki. Sai dai a nan laktulos ba shi ne zaɓi ba, don shi ma yana ƙara iska. Makrogol, garin tausasa bayan gida, ƙunshi ɗaya a kofin ruwa sau ɗaya ko biyu a rana, ya fi dacewa. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci na taimakawa ƙwarai.

In ciki ya saki amma kumburi bai tafi ba, sai a nemo abincin da ke jawo shi, ɗaya bayan ɗaya, kowanne mako biyu. Kada ki bar komai lokaci guda, ba za ki gane mai laifin ba, ki kuma rame a banza. Fara da madara, ta gari da ta ruwa: manya da yawa ba sa narkar da sukarin da ke cikinta, kodayake galibi suna jure kofi ɗaya, kuma kindirmo da nono mai tsami sun fi sauƙi. Sai wake, albasa, tafarnuwa, kabeji da kayan alkama. Wake ba sai an bar shi ba: a jiƙa awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, a dafa da sabo har ya yi lugub, a fara da kaɗan.

Idan akwai murɗar ciki da ke lafawa ko canzawa bayan an yi bayan gida, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, ga tauri yau gudawa gobe, to matsalar motsin hanji ce da likitoci ke kira IBS. Damuwa da rashin barci na tayar da ita. Mebeberin miligiram 135 sau uku a rana kafin abinci, ko ƙwayar man na'a-na'a, na sassauta murɗar. Ba ta komawa daji, amma kuma ba ta kawo jini ko rama. In an ga waɗannan, a nemi wani dalili. Gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da zawo mai ɗoyi kuwa na nuna ƙwayar jiyadiya ta gurɓataccen ruwa, gwajin bayan gida ke tabbatar da ita.

Sunan olsa ana saurin liƙa shi ga duk ciwon ciki. Gyambon ciki zafi ne a sama, wajen ƙahon zuci, mai alaƙa da yunwa ko cin abinci, kuma manyan dalilansa biyu ne: ƙwayar H. pylori da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ibufurofen da asfirin. Gwajin bayan gida ko na numfashi ne ke nuna ƙwayar na nan yanzu. Na jini na iya nuna tsohuwar da ta wuce. A dakatar da maganin olsa irin su omefirazol mako biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu, kafin gwajin, in ba haka ba sakamako zai yi ƙarya.

Ki ajiye kanwar nan. Tana kashe tsamin ciki na ɗan lokaci, amma haɗuwarta da tsamin iska take haifarwa, ga gishirin da ke cikinta mai tayar da hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego.

Ga sauran masu karatu: kumburin da ba ya sacewa, kullum ƙaruwa yake, da kumburin ƙafa ko idanu rawaya, ruwa ne ya taru a ciki, sau da yawa daga ciwon hanta. Mace, musamman wadda ta haura 50, da ke kumburi kusan kullum har mako uku tana ƙoshi da loma kaɗan, a yi mata hoton mara. Kumburi da amai da murɗa, ba bayan gida ba iska, toshewar hanji ce, ko ƙaba ta maƙale ko hanji ya murɗe. Haka cikin da ya ƙame ga mai zazzaɓin taifod. Waɗannan ba a kwana da su, ba a kuma ba su maganin wanke ciki.

Tambaya: Mahaifina shekararsa 58. Wata takwas ke nan yana ganin jini mai duhu gauraye da bayan gida, da majina. Yakan je sau huɗu ko biyar amma ya ce bai ji ya gama ba. Ya rame. Mun yi na gargajiya, mun yi na kemis, duk na basir. Ya ƙi zuwa asibiti, ya ce ba zai buɗe wa yaro tsiraicinsa ba.

Amsa: Ɗan'uwa, a kai Baba asibiti cikin wannan makon. Ba mu ce daji ne ba, domin kumburin hanji, amiba, tarin fukan hanji da tsargiyar hanji da masu noman rani da kamun kifi ke ɗauka duk suna iya kawo irin wannan. Amma jini gauraye da bayan gida, canjin yanayin fita da ya wuce mako shida, jin ba a gama ba, da rama ga mutum mai shekara 58, alamomin dajin ƙarshen hanji ne har sai gwaji ya ce a'a. Jinin basir ja ne wur, a saman bayan gida ko bayansa, kuma basir ba ya ramar da mutum. Mutum na iya samun basir da daji tare, ganin tsiro bai wanke shi ba. A nan ne ake asarar watanni, kuma likitocin tiyata a ƙasashenmu sun daɗe suna kukan cewa masu wannan cuta na zuwa ne bayan ta yi nisa, da yawansu ma ba su kai 50 ba.

Abin da za a yi masa: dubawa da yatsa, wadda ba ta kai minti ɗaya ba amma tana gano ƙari da yawa da ke kusa da dubura; awon jini; gwajin bayan gida; sannan kolonoskofi, wato siririn bututu mai kyamara da ke zagaya babban hanji. Ana yi a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ana gobe za a yi, ruwa-ruwa marar gari kawai zai sha, da maganin wanke hanji. In bai shanye ba kyamara ba za ta ga komai ba, a sake biya. Aikin kansa kusan rabin awa ne, da allurar kwantar da jiki. In an ga ƙari a gutsiri kaɗan a kai awo. Sakamakon hoton ciki na yau da kullum da ya fito lafiya bai isa hujja ba, ba ya ganin cikin hanji da kyau.

Wannan daji yakan fara ne daga ɗan tsiro da ke ɗaukar kusan shekara goma kafin ya rikiɗe, ana kuma iya cire shi ta cikin bututun. Idan aka kama cutar tun ba ta fita daga bangon hanji ba, kusan mutum 9 cikin 10 na wuce shekara biyar da rai. Shi ya sa a 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwajin masu lafiya daga 50 zuwa 45. Jakar bayan gida da ake liƙawa a jikin ciki bayan tiyata, wadda mutane ke tsoro, ba kowa ake sa wa ba, ga wasu ma ta 'yan watanni ce. In ta tabbata dajin ne, ku 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini ku fara gwaji a shekara 40.

Batun kunya kuwa, ku nemi babban likita namiji, a rufe shi da mayafi sai wurin da za a duba, kuma ku sa wani amininsa ko malamin da yake jin maganarsa ya yi masa bayani. Malamai sun halatta buɗe al'aura don lalurar magani.

Tambaya: Ɗana mai shekara uku yana atuni, jini da majina, yana nishi yana kuka. Jiya wani jan nama ya fito masa. Kakarsa ta ce ɗankanoma ne. Na ba shi Flagyl kwana biyu.

Amsa: Maman yaro, a kai shi asibiti yau. A yara ƙanana, atuni mai jini da zazzaɓi galibi ƙwayar shigela ce ke kawo shi, Flagyl kuma na amiba ne, ba ya taɓa ta. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi gabatarwa shi ne sifurofuloksasin, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau biyu a rana, kwana uku, don haka sai an auna shi. In kwana biyu suka wuce ba sauƙi a koma.

Kafin ku isa, ba shi ruwan gishiri da sukari, rabin kofi zuwa kofi ɗaya bayan kowane zawo. In babu ƙunshin ORS, cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Sai zinki miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14, ko zawo ya tsaya. Kada a hana shi abinci, kada a ba shi maganin tsayar da gudawa.

Jan naman ƙarshen hanjinsa ne ya zazzago saboda nishi, kuma tamowa da tsutsar ciki na sa shi. Wanke hannu, shafa Vaseline a tsumma mai tsabta, kwantar da shi rubda ciki, ki tura a hankali ya koma. Kada a yanke, kada a turara, kada a cusa garin magani. Yawancin yara na daina yi da zawo ya warke jiki ya murmure. In ya ƙi komawa ko ya yi baƙi, gaggawa ce. Jaririn da bai kai shekara biyu ba kuwa, da ke ƙwalla ƙara yana naɗe ƙafa lokaci-lokaci, da amai da kashi mai jini da yauƙi, hanjinsa ne ya shige cikin juna, wannan na likitan tiyata ne.

Tambaya: Ina da cikin wata bakwai. Tun da aka ba ni maganin ƙarin jini a wajen awo bayan gidana ya zama baƙi, ga tauri. In daina?

Amsa: Kada ki daina, 'yar'uwa, ƙarancin jini a wajen haihuwa ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar ne ke baƙanta bayan gida ya kuma taurara shi. Ƙara ruwa da ganye da gwanda. Laktulos ba ya cutar da ciki. In abin ya ci tura, ki gaya wa ungozoma a wajen awo, ana iya canza iri ko tsarin sha. Basir ɗin juna biyu yawanci yana janyewa cikin makonni bayan haihuwa. Baƙin da ake tsoro daban ne: baƙi ƙirin, mai danƙo, mai mugun wari, tare da jiri, bugun zuciya ko aman jini. Wannan jini ne daga saman ciki, kuma ko mai ciki ko marar ciki, asibiti za a nufa a take.